Inna da Goran Kaɗa Nono

Da sunan Allah, Mai saukar da cuta da maganinta, ko da kuwa maganin zai ɓullo ta inda ba a zata ba.

Makon jiya na je ta'aziyya a bayan layinmu, nan unguwar Yalwawa. Wani saurayi ne ya rasu, ɗan fari a wajen uwarsa. Ina zaune cikin mata sai na ji ana ta yabon uwar: "Kai, wannan baiwar Allah akwai dauriya. Ko ɗigon hawaye. Tun safe tana can bakin murhu." Irin wannan yabon ne ya kusa raba mu da Innarmu, kuma har da bakina a cikin masu yin sa. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarin jinyarta. Ba jinyar ajali nake nufi ba, wannan kwana huɗu kawai ta ɗauka. Wata ce da muka yi shekara biyar kafin nan, lokacin da Inna take ƙarewa a gabanmu, likitoci kuma suna cewa ba su ga komai ba.

Sunana Habiba, ina koyarwa a wata firamare a nan Dutse. Asalinmu Fulanin Aujara ne, irin waɗanda shanu suka ragu, Fillancin ma ya gudu ya bar mu da na zagi da na kiran maraƙi. Amma fulako, kunyar nan ta Fulani, yana nan daram a gidanmu. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ɗan farin Inna shi ne Yaya Buba, ni nake bi masa. Ana yaye shi aka kai shi Taura wajen Goggo, yayar mahaifinmu, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. A can ya girma, ya yi aure, ya kama fataucin dabbobi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. "Na Goggo" take ce masa.

Tun ina gida har bayan na yi aure, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai an ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gidanmu. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ita kuwa ta kawar da kai ta ce, "Lafiya. Ya Goggon?" Hira ta ƙare ke nan. Sai ta ce da wanda ke kusa, "A miƙa wa baƙo fura." Mu dai mun san tun ranar Alhamis ake ware wa baƙon nan kindirmonsa, da curin man shanu a ƙarƙashin faifai, wanda ko ƙuda bai isa ya sauka a kai ba. In muka ce, "Inna, wannan baƙon naki ɗan gata ne," sai ta ɗaga mana muciya mu watse muna dariya. Allah Ya sani ina kewar waɗannan Juma'o'in.

Da kaka Yaya Buba ya rasu. Suna dawowa daga kasuwa motarsu ta faɗi, ko asibiti ba a kai da shi ba. A Taura aka yi zaman makoki. Goggo na tsakiyar tabarma ana yi mata gaisuwa, matarsa na ɗaki tana takaba, Inna kuwa ta ɗaura zani ta nufi madafa. Duk wadda ta tunkare ta da gaisuwa sai ta ce, "Ku je wajen uwarsa, tana ciki." Har aka yi sadakar bakwai ita ke tuƙa tuwon baƙi. Mata suna ta cewa, "Ga Bafulatanar asali." Ni ma har da ƙafafa, ina ce wa ƙawayena Innarmu ba irin matan yanzu ba ce.

Bayan arba'in da kamar mako biyu Kawu Sale, ƙanin Inna, ya bugo mini waya daga Aujara. Ya ce, "Habiba, Adda fa ba ta cin abinci, kuma ƙirjinta na riƙewa." A makon farko mai kemis ya ce zazzaɓin sauro ne da taifot, aka yi allurai har da ƙarin ruwa. A na biyu ya ce olsa ce, aka hana ta yaji da tsami, har da nono. Ku ji fa, Bafulatana a hana ta nono. A na uku Kawu ya kawo malami, aka yi rubutu da tofi da hayaƙi. Masu zuwa dubiya kuma kowa da asibitinsa a baki: wannan ta ce hawan jini ne a ci tafarnuwa, waccan ta ce iska ce daga tsamiyar bayan gida. An bar jaki ana dukan taiki, amma a lokacin wa ya sani? Da na je na ga awarwaronta suna zamewa har gwiwar hannu, ban yi shawara da kowa ba, na haɗa kayanta na taho da ita Dutse.

Na ɗauka na yi dabara, ashe ƙara mata na yi. A Aujara sai a wuni babur bai wuce ƙofar gida sau uku ba. A Yalwawa kuwa 'yan acaɓa ba sa ɗaukar numfashi. Muna zaune lafiya sai Inna ta dafe ƙirji, gumi ya karyo mata, ta ce, "Biba, numfashina." Da ya ɗan sake ta sai ta miƙe ta ɗau tsintsiya ta hau sharar tsakar gidan da aka share tun safe. Barci kuwa sai dai ɓarawo. Ban taɓa haɗa wannan da ƙarar babur ba. Ni ina can ina zargin man gyaɗar miyata.

Mako uku muka yi muna sintiri a asibiti. Mu fita ana idar da asuba don mu sami kati, mu tarar da waɗanda suka riga mu sun jera takalma da leda a madadin kansu. Ga benci ba ya isa, ga wata mai ba da kati da take magana da mutane kamar ita ta haife su. Na yi faɗa da ita sau biyu, ban kuma yi nadama ba. Aka gwada jini, aka gwada fitsari, aka ɗau hoton ƙirji, aka manna mata wayoyi aka auna zuciya. Sai da Kawu ya fitar da tumaki biyu kasuwa. Ranar da sakamako ya kammala, wani matashin likita ya jujjuya takardun ya yi murmushi.

Ya ce, "Mama, zuciyarki ta fi tawa lafiya."

Na ce, "To ƙarya take yi ke nan, likita? Dubi yadda ta koma."

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Ban ce ba ta da ciwo ba. Akwai wani abu da ya same ku kwanan nan?"

Inna ta ce, "Babu."

Na ce, "An yi mana rasuwa da kaka, amma ai ita ta haƙura tuni."

Ya dube ni, ya dube ta, sannan ya rubuta takarda. Ya ce ciwon damuwa yake zato, shi ma kuma ciwo ne kamar kowane, yana iya hana ci da barci ya riƙe ƙirji. Ya ce mu je sashen da ke can ƙarshen asibiti, inda ake duba masu lalurar ƙwaƙwalwa.

Da na faɗa wa Kawu a waya, sai da na janye ta daga kunnena. "Daga nan sai Kazaure ke nan, asibitin mahaukata? Habiba, ki ji tsoron Allah. Adda ta taɓa jifan wani? In maganar nan ta fita a Aujara, da wane ido za mu dubi mutane?" Zan faɗi gaskiya, ba Kawu kaɗai ba ne. Ni ma kunyar nake ji, kada wata malamar makarantarmu ta hango ni a wannan layin. Kwana tara takardar nan ta yi a jakata, tsakanin jan biro da littafin darasi.

Abin da ya fito da ita, wata safiya ce Inna ta kira ni ta ce in zauna. Ta fara lissafa mini ƙorenta na Aujara, waɗanda ta tara tun na aurenta: babbar mai zane a ba wance, farare biyun a ba wance. Duk wanda ya san Bafulatana ya san ba ta rabon ƙorenta sai ta ga hanya. Na ce, "Inna, wace irin magana ce wannan?" Ta ce, "Na gaji ne, Biba." Ba kuka, ba komai, kamar mai cewa za ta kwanta. Washegari Talata, na sa ta a adaidaita muka tafi, wanda zai gan mu ya gan mu.

Sashen na can bayan ɗakin wanki, kamar ana ɓoye shi. Likitan wurin ya rubuta mata wata 'yar ƙwaya guda a rana, ya soke dokar hana nono, sannan ya miƙa mu ga Sista Rabi. Gajeruwar mace ce mai tabarau da igiya, mai magana a hankali kamar ba mutum talatin ke jiran ta ba. Ba ta kai mu gado ba. Tabarma ta ɗauko ta shimfiɗa a gindin darbejiyar bayan ofis, ta tuɓe takalmi ta zauna.

Ta ce, "Inna, yau ba abin da za mu yi sai zama. Ki ja numfashi ki ji shigarsa, ki sake shi ki ji fitarsa."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, na haura sittin ina numfashi, ba wanda ya koya mini."

Sista ta yi dariya har tabarau ya zame. "Gaskiya ne, Inna. Amma yaushe rabon da ki ji shi?"

Ta yi mana bayani cewa abin yana da suna a Turance, amma ita tattara hankali take ce masa. Mutum ya dawo da hankalinsa inda jikinsa yake, ya lura da abin da yake ji a wannan lokacin, ba tare da ya yi wa kansa faɗa ba. Ta ce, "Jikinki na Dutse, Inna, hankalinki kuwa Allah kaɗai Ya san inda yake kiwo." Aka gwada. Inna ta rufe ido kamar wadda aka yi wa dole, ko minti biyu ba a yi ba ta buɗe ta ce ta ga ganye ya zuba, ina tsintsiya. A hanyar gida ta ce mini, "Yanzu saboda Allah wannan ne aikin da gwamnati ke biyan ta?" Ni ma abin da ke raina ke nan.

Talatar da ta biyo baya Sista ta canja salo. Ta kama hannun Inna ta juya tafin, ta ce, "Wane aiki hannun nan ya fi sani?"

Inna ta ce, "Kaɗa nono. Tun ban kai in ɗaga goran ba."

"To shi za ki dinga yi mini kullum da safe. Amma da sharaɗi. Ba don man za ki yi ba. Kunnenki a kan ƙarar nonon, hannunki a kan jikin goran. In tunani ya ɗauke ki, kada ki ji haushin kanki, ki lura ya tafi, ki dawo da shi a hankali."

Inna ta ce, "Kamar maraƙi. In ya ɓalle daga dangwali ba duka ake yi ba, in ka dake shi ƙara gudu zai yi. Lallaɓa shi ake yi a mayar da shi igiya."

Sista ta tafa hannu. "Wallahi, Inna, kin fi littafin da na karanta iya faɗa."

Ranar ce na fara ganin wani abu mai kama da murmushi a fuskar Inna tun kaka.

Na aika Aujara a kawo goranta. Kawu ya ba direba shi yana mita, wai asibitin Dutse ya koma ruga. Tsohon gora ne, ya yi ja don shan mai, da totuwar masara a matsayin murfi. Sai kuma rigimar nono. Wanda na fara saya a bakin titi, Inna na shinshinawa ta ture shi, ta ce wannan madarar gari ce aka kwaɓa, ko saniya ba ta taɓa gani ba. Da ƙyar muka sami wata mata da ke kawo na gaske daga wata ruga a bayan duwatsu.

Waɗannan safiyoyin su na fi tunawa a duk jinyar. Bayan asuba, kafin in shirya makaranta, mu shimfiɗa tabarma a gindin lemon tsakar gida. Inna ta miƙe ƙafa, ta ɗora goran a kan naɗaɗɗen zani, ta fara kai shi tana kawo shi. Cakwal, cakwal, cakwal. Can ta zare totuwar ta saki iska ta mayar. Sista ta ce ni ma in dinga zama, wai mai jinya rabin majinyaci ce. Ni kuwa ban iya ba sam. Ina zaune hankalina na kan cefane da jarrabawar 'yan aji biyar. Inna ko ido ba ta buɗewa sai ta ce, "Biba, maraƙinki ya ɓalle." Ita ta koya mini cewa ƙarar na canjawa in mai ya kusa haɗuwa, tana yin nauyi, tana raguwa. Na girma ina jin wannan ƙarar kullum, amma sai a lokacin na saurare ta.

A mako na uku ta ci rabin kwanon tuwo. A na huɗu ta fara samun barci, ta kuma ce ko alwala in ta bi sanyin ruwan gaɓa-gaɓa kamar yadda Sista ta ce, sallarta ta fi natsuwa. Amma riƙewar ƙirjin bai daina ba. Sista ta ce mu dinga lura da lokacin da yake zuwa da abin da ya riga shi. Sai ga shi a fili, abin da makaho ma zai gani: in babur ya wuce ne, kuma ranar Juma'a da rana ya fi tsanani. Na ji kunyar kaina, ni da nake koya wa yara lura.

Sista ta ce da ita, "In ya zo, kada ki tashi neman tsintsiya. Ki dasa ƙafafunki a ƙasa ki ji ƙasar, ki ɗora hannu a ƙirji, ki ce a ranki, ga shi ya zo. Kada ki kore shi, kada ki riƙe shi. Baƙo ne, zai sha ruwa ya wuce."

Inna ta ce, "Baƙon da bai iya sallama ba."

"Shi fa. To Inna, maraƙin nan in ya ɓalle, ina yake nufa?"

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin tabarma. Can ta ce, "Hanya ɗaya ya sani." Sista ba ta matsa mata ba. Amma da za mu tafi ta ja ni gefe.

Ta ce, "Malama Habiba, da aka yi rasuwar nan, wa ya yi wa Inna gaisuwa?"

Na buɗe baki zan ce kowa, sai na tuna. Na ce, "Goggo aka yi wa. Haka al'adarmu take."

"Ke fa?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Sista, ke ba Bafulatana ba ce, ba za ki gane ba."

Ta ce, "Gaskiya ne. Ni ban ce a karya al'ada ba. Tambaya kawai na yi."

Na tafi ina huci, har na ce a raina ba za mu sake komawa ba. Amma tambayar ta bi ni har aji. Ina rubutu a allo ina ƙirga mutanen da na durƙusa wa a Taura na ce musu ya haƙuri: Goggo, matar Yaya, kawunai, har da abokan kasuwarsa da ban san sunansu ba. Matar da ta ɗauki cikinsa wata tara kuwa, abin da na ce mata a kwana bakwai ɗin nan shi ne, "Inna, a ƙaro tuwo, an yi baƙi daga Jahun." An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mu kuwa muka bar nata ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, muna tafa mata.

Juma'ar makon na dawo daga makaranta da wuri. Na tarar ta kaɗa nono, ta dunƙula man, ta ware curi guda ta rufe da faifai a gefe. Na san ba da niyya ta yi ba, hannu ne ya saba. Muna zaune a gindin lemo aka sauko daga masallaci. Sai ga babur ya shigo layinmu, ya rage gudu, ya tsaya daidai ƙofar gidanmu. Maƙwabcinmu ne aka sauke.

Na ga jikinta ya zabura, idonta ya kai kan tsintsiya. Amma ba ta tashi ba. Ta janyo ƙafafunta ta dasa su a ƙasa, ta ɗora hannu a ƙirji, tana jan numfashi tana saki. Ina kallon kafaɗunta suna hawa suna sauka. Babur ɗin ya tashi ya tafi, ƙararsa ta yi nisa har ta ɓace. Sai na ga hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba, ba ta kuma juya wa bango fuska ba.

Na miƙe na koma bakin tabarmar, na tuɓe takalmina, na durƙusa kamar baƙuwar da ta zo daga wani gari.

Na ce, "Inna, ya haƙuri?"

Na jira ta ce in je wajen Goggo. Sannan ta fara magana, ba ni take kallo ba, goran take kallo.

"Ranar da aka zo tafiya da shi, a kan jaki aka ɗora shi, gaban mijin Goggo. Yana ta waige. Ni ina daka, ban ɗago ba, surukaina na zaune. Da suka fita na ce zan je itace. Na bi su ta cikin dawa, ina ganin su ba sa gani na, har bakin fadama. A nan na tsaya har suka shige. Sannan na tsinci itacen na ɗoro a kai, kada a gane." Ta shafa jikin goran. "Shekara arba'in da wani abu ban faɗa wa kowa ba."

Ni ma nawa hawayen suka zo.

Ta ce, "Biba."

"Na'am, Inna."

"Nawa ne fa."

Na ce, "Na sani, Inna. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙuri."

Ta ce, "Amin." Sannan ta yi kukan da ya kamata ta yi wata biyar da suka wuce, ba kururuwa, ba ɗaga murya, ina riƙe da ƙafarta. Da ta natsu ta buɗe faifan ta ce in dama mana fura. Mu biyu muka shanye ta baƙon.

Kada wani ya ɗauka daga ranar ta warke. Mun ƙara mako shida muna zuwa gindin darbejiya, akwai kuma ranakun da baƙon nan mara sallama ya dawo da ƙarfinsa. Bambancin shi ne ta daina gudun sa, shi ma ya rage daɗewa. Ƙwayar ma likita ne ya janye ta kaɗan-kaɗan da kansa. Na ba Sista Rabi haƙuri kan maganar da na yaɓa mata, ta ce ta manta, ta ji waɗanda suka fi wannan. Allah Ya saka mata da alheri, Ya kuma sa masu iko su gane cewa mace ɗaya da tabarma ɗaya ba za su ishi wannan layin ba.

Na ba Kawu Sale labari a waya. Kwana biyu sai ga shi a Yalwawa. Ya zauna a bakin tabarma ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce, "Adda, ya haƙurinmu?" Ƙarshe dai ita ta koma ba shi baki. Har gobe yana cewa rubutun malaminsa ne ya yi aiki a makare. Ba na musu da shi, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Da ruwan farko ya sauka Inna ta koma Aujara da ƙafarta. Abin da ta fara yi shi ne aika wa waɗanda aka yi wa albishir da ƙore cewa su ƙara haƙuri, mai su ba ta tafi ba tukuna. Ta ƙara shekara biyar a duniya, tana kaɗa nononta kowace safiya, ido a rufe. Har ta koma ga Allah ba ta kira sunan Yaya Buba ba, ni kuma ban taɓa son ta kira ba, fulakonta ne, ya kuma yi mata kyau. Sai dai ban sake jin "na Goggo" a bakinta ba. In hira ta biyo ta kansa sai ta ce, "lokacin da nawa yake zuwa." Allah Ya jiƙan su duka, Ya haɗa su inda ba kunya tsakanin uwa da ɗa.

Da aka zo rabon ƙoren, ni goran na ce a ba ni. Yana nan rataye a ɗakina, wasu Asabar ɗin nakan sauko da shi, maraƙina kuma har yau ɓallewa yake yi. Shawarata ga wanda ya karanta wannan ba ta da yawa. In an auna naka an ce ba a ga komai ba alhali yana ramewa, kada kunya ta sa ka ɓoye takarda a jaka kamar yadda na yi. In kuma ka je gidan makoki, ka duba wanda ake yabo da dauriya.

A gidan rasuwar makon jiya ban iya zama cikin masu yabon ba. Na tashi na zagaya madafa. Na sami uwar mamacin tsaye a kan tukunya, hayaƙi na shiga idonta, tana tuƙi da hannu biyu. Tana gani na ta ce, "Suna ciki, kakarsa na ɗakin farko." Na ce na sani, wajenki na zo. Na durƙusa a nan cikin toka na ce mata ya haƙuri.

Ta dube ni kamar ba ta ji Hausa ba. Can ta jingine muciyar, ta nemi wuri ta zauna.